Tashi a Kan Ruwa, Aikin Santimita Ɗaya

Iskar hunturu da ke turnuƙe unguwannin Birni da Zango daga Disamba zuwa Fabrairu ba a Damagaram take kwana ba. Tana ɗebo ƙurarta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta ratsa mu, ta yi yamma har ta faɗa tekun Atlantika, ta kai hazo tsibiran Cape Verde, wani lokaci har jiragen sama su kasa sauka. Mu nan rufe hanci muke yi da rawani, muna Allah-Allah ta wuce. A can kuwa wannan iska ta arewa maso gabas ita ce arzikin masu wasan ruwa, saboda ita suke barin Turai su sauka a tsibirin Sal. A bakin ruwan Ponta Preta na wannan tsibiri aka yi ɗaya daga cikin gasannin duniya na wasan da ake kira win-foyil a 2023.

Wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Mutum ne tsaye a kan allo da bai kai tsawonsa ba, riƙe da wani fiffike na ƙyalle da aka hura wa iska da famfo, mai faɗin mita murabba'i huɗu ko biyar. Fiffiken ba a kafe yake a jikin allon ba, hannu ne kaɗai ke riƙe da shi. Iska ta ja, allon ya fara gudu yana marin ruwa, can sai marin ya tsaya cak. Allon ya rabu da ruwa, ya ɗaga kusan rabin mita, ya ci gaba da tafiya ba ƙara ba fantsama, igiyar ruwa tana wucewa ta ƙarƙashinsa ba ta taɓa shi.

Idon mai kallo a kan fiffiken hannun yake, domin shi ke da launi, shi ke walainiya. Amma shi ja kawai yake yi. Abin da ke ɗauke da mutumin yana cikin ruwa, inda ba mai ganinsa. A ƙarƙashin allon akwai ginshiƙi siriri mai kaifin baki, na alminiyam ko na kabon, tsawonsa yawanci santimita 70 zuwa 95. A gindin ginshiƙin an ɗaura sanda a kwance, kai gaba wutsiya baya, ita ce ƙashin bayan na'urar, tsawonta santimita 55 zuwa 75 a wannan wasa. A kanta na gaba akwai babban fiffike, a wutsiyarta akwai ƙarami. In ka ciro abin, wato foyil, daga ruwa ka dube shi, ƙaramin jirgin sama ne sak, sai dai shi a ruwa yake tashi, direbansa kuma yana tsaye a bisa, da tafin ƙafa yake tuƙi.

Dabarar ta daɗe. Wani injiniya ɗan Italiya, Enrico Forlanini, ya ɗaga kwalekwale a kan fikafikai a tafkin Maggiore tun 1906. A 1919 jirgin HD-4 na Alexander Graham Bell, mutumin nan na wayar tarho, da abokin aikinsa Casey Baldwin ya yi gudun kilomita 114 a awa a tafkin Bras d'Or na Kanada. Rasha ta fara jigilar fasinja a kogunanta da jiragen Raketa masu irin wannan fiffike a 1957. Masu hawan igiyar ruwa na Hawai, irin su Laird Hamilton, su suka ɗaura shi a ƙarƙashin allo, daga baya Kai Lenny ya nuna wa duniya a 2016 cewa mutum zai iya bin igiyoyin tsakiyar teku a kansa ba inji ba filafilai. A 2019 kamfanoni irin su Duotone da Naish da Slingshot da F-One suka cika kasuwa da fiffiken hannu mai hurawa, wasan ya bazu. A gasar Olamfik ta 2024, a Marsai ta Faransa, masu tseren allo da filafilai da masu tseren allo da lema duk a kan foyil suka fafata.

Dalilin da ɗan fiffiken da yaro zai rungume da hannu ɗaya ke iya ɗaukar ƙato shi ne ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Fiffike mai faɗin santimita murabba'i 1000 ya isa ya ɗaga mutum mai kilo 75 da kayansa tun gudu bai wuce kilomita 20 a awa ba. Sai dai a nan wahalar take. Ƙarfin ɗagawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka biyu, shi ninkawa huɗu yake yi. Nauyin mahayi kuwa yana nan yadda yake. Don haka duk lokacin da iska ta ƙara bugowa, dole ya danna hancin allon ƙasa kaɗan don ya rage yadda fiffiken ke cizon ruwa, in ta sassauta ya ɗaga shi. Kuma “kaɗan” ɗin nan digiri ɗaya ne ko biyu. In ya yi sakaci ya hau da yawa, fiffiken ya leƙo saman ruwa, ya shaƙi iska, ƙarfin ɗagawar ya ɓace nan take, mutum ya zubo da ka. In ya danna fiye da kima, hancin allon ya caki ruwa, shi kuma ya wuce gaba babu allo. Tsakanin waɗannan faɗuwa biyu tazarar ba ta kai tsawon ginshiƙin ba, a cikinta ake yin wasan duka.

To, me ke sa wani ya zauna a cikin wannan tazara kamar an haife shi a can, wani kuma mai ƙarfi irin nasa, da kaya masu tsada irin nasa, ya wuni yana hawa yana zubowa? Horo yana ciki, ba shakka. Amma rabin amsar a kan yashi take, tun kafin a jiƙa ƙafa, lokacin da mutum ya kifar da allonsa ya ɗauko sifana.

A cikin allon, ta ƙasa, akwai tsagi biyu a jere, tazarar santimita 9 a tsakaninsu, tsawonsu daga santimita 25 zuwa 40. Noti huɗu ke riƙe kan ginshiƙin a cikinsu. In ka sassauta notin, kana iya tura ginshiƙin gaba ko ka jawo shi baya, tare da duk abin da ke rataye a gindinsa. Wato kana sauya wurin da ruwa zai riƙa tura allon sama, alhali mahayi yana tsaye inda ya saba.

Duk wanda ya taɓa ganin ana loda amalanke a kasuwar Dole ya riga ya san lissafin. In aka jibge buhuna a gaban ƙafafun amalanken, nauyin ya sauka a gadon bayan jaki, ya riƙa tafiya yana durƙushewa. In aka tura su baya da yawa, sandunan su ɗaga, har wani lokaci ka ga jakin ya rataye a sama yana shure-shure. Mai amalanken kirki ba ya amfani da ma'auni, buhu ɗaya zai matsar, ya ɗaga sandar da hannu ya ji nauyinta, ya ce ta yi. A foyil babban fiffike shi ne ƙafar amalanken, mahayi shi ne kayan. Bambancin kawai, a nan ƙafar ake matsarwa, ba kayan ba.

In ginshiƙi ya yi gaba da yawa, nauyin mahayi ya koma bayan wurin ɗagawa. Allon zai tashi da wuri, abin da ke faranta ran sabon shiga, amma zai riƙa ɗaga kai kamar yana neman ƙwacewa. Mahayi ya jingina duk nauyinsa a kan ƙafar gaba don ya danne shi, cinyar ta ɗau zafi, kuma da zarar gudu ya ƙaru ƙarfinsa ya kasa, fiffiken ya ɓullo sama. In kuma ginshiƙin ya yi baya da yawa, sai labarin ya juye. Allon ya manne da ruwa ya ƙi tashi, in ya tashi hancinsa na rinjaye ƙasa, ƙafar baya ke ɗauke da komai. Abin da masu wasan ke nema shi ne wurin da ƙafafu biyu za su raba nauyi kusan daidai, ta gaba ta ɗan fi kaɗan, a irin gudun da mutum ya fi yi. Can ne jiki ke sakewa, gwiwa ta yi laushi, mutum ya sami sararin ɗaga kai ya dubi igiyar da ke zuwa maimakon ya ƙura wa hancin allonsa ido.

Akwai gwajin da ake yi a tudu don a sami mafari. A kifar da allon, a kama babban fiffiken daga wajen da ya fi kauri, kusan kashi ɗaya cikin uku daga bakinsa na gaba, a ɗaga dukan kayan sama. In allon ya rataye a miƙe, bai rinjaya gaba ko baya ba, to nauyinsa ya zauna daidai kan wurin ɗagawa, ba zai riƙa jan mahayi wani gefe ba. Mafari ne kawai. Daga nan sai a shiga ruwa a saurari ƙafa, a fito, a matsar da santimita ɗaya, a koma.

Abin da ya fi burge ni a wajen gwanaye shi ne ba sa yarda jikinsu ya yi musu ƙarya. Jiki yana da wayo. In ginshiƙi ya yi baya, ƙafafu da kansu za su sulale baya su rufe kuskuren, mutum ya ga ai yana tashi lafiya. Amma yanzu ya bar dogon hanci a gabansa yana lilo, duk juyin da zai yi sai ya yi dakon wannan nauyi ya kai shi ya dawo da shi, ya rasa dalilin da allon nasa ya yi nauyin kai. Gwani kan sunkuya ya duba inda ƙafafunsa suka tsaya bayan ya yi nisa, ya gane abin da suke ɓoye masa. Masu tsalle da masu tsere kuwa, da ke sa ƙafa cikin maɗauri a kan allo, ba su da wannan mafaka sam. Ƙafa ba ta motsi, dole ginshiƙi ne zai zo ya same ta.

Kuma wurin ba ya zama ɗaya kullum. Ranar da iska ta yi sanyin jiki akan ɗan matsa gaba don a samu tashi. Ranar da take kaɗawa da ƙarfi, ko za a gangaro daga kan babbar igiya inda gudu ke zuwa ba sallama, akan ja baya. In aka sauya babban fiffike da wani, ko aka koma kayan wani kamfani, wurin ɗagawa ya sauya, sai a sake neman wurin daga farko.

Sai maganar ƙashin baya, wato sandar kwancen nan. Da farko sai a san aikin ƙaramin fiffiken wutsiya, domin mutane da yawa suna zaton shi ma ɗagawa yake yi. Akasari ƙasa yake dannawa. Babban fiffike, saboda lanƙwasar bayansa, yana da halin son kifawa da ka. Na wutsiya ya danna ƙarshen sandar ƙasa, kan ya ɗago, su biyun su daidaita. Yana da aiki na biyu kuma wanda ya fi wannan: duk lokacin da na'urar ta fara sunkuyawa ko ɗagowa, wutsiyar dole ta share ruwa sama ko ƙasa, ruwan kuma ya ƙi, sai motsin ya lafa. Tsawon sandar shi ke yanke yawan ikon da wutsiyar take da shi. In ka ƙara wa nisan da ke tsakanin fikafikan biyu kashi ɗaya cikin goma, ƙarfin dannawarta a kan hanci ya ƙaru da kashi ɗaya cikin goma, amma ikonta na kwantar da lilo ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar, domin nisan sau biyu yake shiga lissafi: wutsiyar tana sharar ruwa da sauri fiye da da, kuma tana turawa daga nesa fiye da da. Shi ya sa santimita biyar ko shida, da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, ke mayar da na'ura wata daban.

Doguwar sanda lokaci take saya wa mahayi. Ɗan Adam yana bukatar kusan rubu'in daƙiƙa tsakanin ya ji abu da ya mayar da martani. A gudun kilomita 20 a awa, cikin wannan rubu'in ya riga ya ci mita ɗaya da wani abu. Sabon shiga a kan gajerar sanda kullum a makare yake: allon ya ɗaga, kafin ya danna ya riga ya fara saukowa da kansa, dannawar tasa ta ƙara masa gudun faɗuwa, ya ja baya da ƙarfi, allon ya sake zabura sama fiye da farko. Haka zai yi ta sukuwa, kowace ta fi ta baya, har ruwa ya karɓe shi. Sa masa sanda mai santimita 70 ko fiye, sai komai ya yi sanyi, kuskure ya riƙa zuwa a hankali yadda zai gan shi tun daga nesa. Masu tsere ma, da ba su da abin koyo, doguwa suke so, don a babban gudu kwanciyar hankali ta fi komai, kuma tsawon yana ba su damar sa ƙaramar wutsiya wadda ba ta jan ruwa sosai. Allunan iQFoil na Olamfik, masu ɗauke da babban filafilai, sandarsu har santimita 115 take kaiwa.

Amma abin da ya hana na'ura lilo shi ne kuma ke hana ta juyi. Mai hawan igiya a Ponta Preta yana so ya gangaro, ya karya kwana a gindinta, ya koma sama kafin ta fashe, duk cikin ɗan fili. Doguwar wutsiya a nan ja masa birki take yi, tana son layi miƙaƙƙe. Sai ya sauko zuwa santimita 60 ko ƙasa da haka. Na'urar ta zama mai saurin ji, tunanin juyi kawai zai yi ta juya, ladan kuma shi ne ba ta yafe kuskure ko kaɗan. Haka abin yake wajen famfo da ƙafa, wato lokacin da iska ta ɗauke mahayi ya riƙa danna allon yana sakewa don ya ci gaba da tashi. Doguwar sanda tana son bugu mai zurfi a natse, gajera tana son ƙananan bugu a jere da sauri, wanda bai iya ba numfashinsa zai ƙare kafin ya kai ko'ina.

A ganina babban ɓarnar kuɗi a wannan wasa ita ce ta wanda ya ga zakara a bidiyo da gajerar sanda ya je ya sayi irinta tun bai iya juyawa ba tare da ya taɓa ruwa ba. Zakaran ya yi shekaru yana rage tsawon a hankali, jikinsa yana karɓar aikin da wutsiya ta ajiye. Hawan farko ba a yin sa da ingarma.

Abubuwan nan biyu kuma, wurin ginshiƙi da tsawon sanda, a ɗaure suke da juna, nan ne gwaninta ke rabuwa da haddar ƙa'ida. Ka tsawaita sanda, wutsiya ta ƙara iko, hanci ya ƙara son ɗagawa, sai ka ga ginshiƙin da ya zauna daidai jiya yau ya yi gaba da yawa. Ko ka ja shi baya, ko ka rage girman wutsiyar, ko ka cusa ɗan siririn falle a ƙarƙashinta wanda zai karkata ta da rabin digiri. Akwai ma nisan da ke tsakanin gindin ginshiƙi da babban fiffike a kan ita sandar kanta. Wasu kamfanoni, irin su Axis, sun fitar da sandunan da suka matso da ginshiƙin kusa da fiffiken don juyi ya yi sauƙi, kuma duk wanda ya sa irinsu dole ya tura ginshiƙin gaba a cikin tsagi don fiffiken ya koma inda yake a da. Saboda wannan sarƙaƙiya ƙa'idar gwanaye ɗaya ce: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Za ka ga ƙasan allunansu cike da ɗige-ɗigen alƙalami, kowane layi na wani fiffike ne da wata iska.

Wani zai ce ina ruwan ɗan Damagaram da wannan, garin da ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga cikinsa zuwa Yamai a 1926, garin da har yau ƴan garuwa ke da kasuwa. Gaskiya ne. Sai dai wasan ba na teku kaɗai ba ne. Suwizalan ba ta da gaɓar teku kamar yadda Nijar ba ta da ita, amma tafkin Silvaplana da ke can saman duwatsunta, kimanin mita 1800 daga matakin teku, yana cikin wuraren da ake gasarsa. A Amurka ɗaya daga cibiyoyinsa garin Hood River ne, a bakin kogin Kolambiya. Bukatar wasan ruwa ne da ya kai ƙirji, wanda babu ciyawa da taru a cikinsa, da iskar da ta kai kamar kilomita 20 a awa. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafkin Gidimuni, gabas da Damagaram, da safiyar hunturu ya san ta fannin iska ba a bar mu a baya ba. Ruwan daɗi dai ya ɗan fi na gishiri rashin nauyi, da kashi biyu da rabi cikin ɗari, don haka yana ɗagawa ƙasa da na teku kaɗan, kuma gwani yakan ji wannan ma a ƙafarsa.

Duk wannan lissafi kuwa a kan sharaɗi ɗaya yake tsaye: kada haɗin ya yi wasa. In mahaɗar ginshiƙi da sanda tana da ɗan lako ko da na kaurin takarda ne, abin da ƙafa ta faɗa ba shi ke isa ga fiffike ba, mahayi ya yi ta zargin kansa a banza. Shi ya sa ake ɗaure noti tam, a sake duba su kafin kowace shiga. Amma ruwan gishiri yana da nasa mugun hali. Inda alminiyam ya haɗu da kabon ko da ƙarfen noti, gishiri kan shiga tsakani ya ci alminiyam ɗin, ya bar farin gari ya liƙe su wuri ɗaya. Masu kula suna kwance kayan lokaci-lokaci, su wanke da ruwan daɗi, su shafa wa kowane noti man hana tsatsa kafin su mayar. Wanda ya bar nasa a haɗe wata da watanni, ranar da ya so ya gwada gajerar sanda zai tarar notin ya kafe, kansa ya lalace a bakin sifana, sai dai a kai wa mai injin huda ya haƙo shi.